Dajin da Baba ya ce gidanmu ne

Jiya bayan La'asar shago ba ciniki, zafin Bab Makka a nan Jidda ya gama da ni, sai na kunna tsohon fim ɗin nan na sojoji da dodon daji a waya. Malam Sani, abokin ɗinkina da ya zo daga Katsina bara, ya leƙo.

Na ce, "Ka tuna gida ko, Malam?"

Ya ajiye almakashi ya dube ni. "Wane gidan? Mu wajenmu fili ne fetal, kana gona kana hango garin gaba. Wa ya ce maka haka muke?"

Baba ne ya ce, Allah ya jiƙansa. Muna yara a unguwar Madain Fahd, duk sanda ya sa kaset ɗin nan sai ya nuna talabijin ya ce, "Ku duba da kyau, haka ƙasarmu take." Shi kansa a goye aka zo da shi hajji, har ya rasu bai koma ba.

Na bincika a waya. Ashe a Meziko aka ɗauki fim ɗin, kusa da wani garin bakin teku da masu yawon shaƙatawa ke zuwa.

Halas, shi ke nan, na koma kan keke na ci gaba da ɗinki. Shekarata arba'in da biyu, nan iƙama, takardar izinin zama, ta ce ni baƙo ne, can ɗin da nake ta kewa kuma ashe dajin wasu ne.

Haifaffun Jidda, ku me aka nuna muku aka ce shi ne gida?