Makirfo Mai Nauyi

Faston ƙauyenmu, can bakin tafki kusa da Wara, shi ya koya mini karatu bayan na wuce shekara arba'in. Da ciwo ya taɓa shi, muryarsa ta shige ciki, hannun dama kuma ya riƙa rawa. Dattawan coci suka ce tunda na baya ba sa jin wa'azi, gara a sallame shi ya koma garinsu. Na roƙa a gwada sabon makirfo tukuna, lasifikarmu ai lafiyarta lau. Suka ce ni da na kawo maganar in je Yelwa in zaɓo.

Mai shagon wani Alhaji ne mai barkwanci. Ya ajiye mini iri biyu. Ɗaya ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, ana maƙala shi a wuyan riga. Ɗayan na riƙewa ne, mai kan ƙarfe. Na ɗora kowanne a tafin hannu ina jinjinawa, yadda muke yi wa dalmar taru. A wurinmu masunta, abin da ba shi da nauyi ba ya ƙarko.

"Malam, ba giwan ruwa kake saye ba," in ji shi. "Wa zai yi magana da shi?"

"Wani tsoho ne."

"To ɗauki ƙaramin, ka huta."

Na zaci kayan da suka ƙi fita yake son liƙa mini. Na ɗauki babban.

Ranar Lahadi Fasto ya dafa tebur da hannun hagu don kada ya faɗi, ya karɓi makirfon da na dama. Kan ƙarfen ya riƙa bugun haƙoransa, lasifika tana kai kowane bugu har ƙofar coci. Can hannun ya gaji, ya sauka ƙirji, murya ta ɓace. Na tashi zan riƙe masa.

"Bari, ɗana," ya ce a hankali. "Sun riga sun gani."

Ya turo mini Littafi Mai Tsarki. Na karanta ina tuntuɓe, kowa yana ji.

Bayan sati biyu ni na tuƙa jirgin da ya ƙetare da shi da 'yan kayansa. Muna tsakiyar ruwa ya tambaye ni ko akwai wani irin a shagon. Na dubi inji, na ce babu.

Makirfon yana nan har yau, ko tsatsa bai yi ba.