Sunan da Alhaji Garba Ya Kasa Faɗa

Har yau ranar da Alhaji Garba ya zo karɓar tutar jirginsa ba ta fita raina ba. Amma tun kafin ranar ina ɗauke da wata fargaba, kuma sai na fara da ita za ku gane dalilin abin da na yi.

Shekarata ta farko ke nan a gidan ɗinkin Hajiya Baraka da ke unguwar Jarwal, a nan ƙasa mai tsarki, ba a daɗe da gama yaƙin Turawa ba. Ku da kuka zo bana kun tarar da keke, mu a lokacin basilla ce da tafin hannu. Tsarin gidan dai bai sauya ba. Hajiya ce mu'allima, ita ke karɓar aiki, ita ke yanka. Daga ita sai masu haɗi, sai masu kalmasa baki, sai 'yan koyo irina a ƙarshen tabarma. Daga Rajab har gab da aikin Hajji muna ɗinkin tantunan Mina da Arfa, mu goma sha biyu. In alhazai suka watse, aka gama facin abin da ya yage, ranar ƙarshen Safar Hajiya takan riƙe mutum huɗu, ta sallami saura sai baɗi.

Ni kuwa ga goyo a baya, 'yata ta fari, wata tara. Maigidana mai ɗibar ruwa ne, ya zame a tudu da garwa biyu a kafaɗa, yana kwance da ciwon baya. Abin da hannuna ya samo shi muke ci. Duk sanda yarinyar ta yi kuka sai na saci kallon Hajiya, ina cewa a raina shi ke nan, ta cire ni daga cikin huɗun. Abu ɗaya kawai na fi sauran da shi: na yi allo har izu biyar kafin mu taso daga gida, ina iya zana baƙaƙe da gawayi. Saboda haka da aka yi wa Hajiya rasuwa a unguwar Mansur a tsakiyar Safar, za ta tafi zaman makoki, sai ta ce duk wanda ya kawo aikin rubutu ni zan karɓa.

Washegari da hantsi Alhaji Garba ya yi sallama a zaure. Tsoho ne Basakkwace, yana fataucin hatsi a unguwar Utaibiyya. Ya sa an sassaƙa masa sambuk a Jidda, wato jirgin katako da iska ke turawa, irin wanda yawancinmu muka ƙetaro teku a ciki daga Sawakin ta Sudan. Ga wadda ba ta sani ba, jirgi ba ya shiga ruwa sai da suna. Mai shi zai tsaya gaban magatakardan tashar ya faɗi sunan da bakinsa a rubuta, kafinta ya sassaƙa shi a bayan jirgin, sannan a ɗaga tuta mai ɗauke da shi. Tutar ce aikinmu.

"Ɗiyata, fara nika so, kamu uku, a sa suna da jan ƙyalle," in ji shi. "Ran Alhamis mota za ta Jidda."

"Wane suna za a sa, Baba?"

Sai ya juya yana kallon bango kamar an rubuta wani abu a kai. "Na yarinyar nan tawa. Ta fari."

Na gane nan take. Ni ma da nake rubuta muku wannan, ba za ku ga sunan tawa ta farin a ciki ba. Yaya zan dubi dattijo sa'an kakana na ce sai ya faɗa? Na ce to, Baba. Ai kowa ya san 'yarsa, Asabe mai ƙosai ta bakin kasuwar Mansur. Na zana Asabe da gawayi, na yanka jan ƙyallen da ya rage mana, wanda babu wani bayansa, na yi kwana huɗu a kai ina ɗinki da goyo a cinya. Da na gama na shimfiɗa ta, har na ji daɗin kaina.

Ranar Laraba bayan La'asar Hajiya ta dawo. Ko mayafi ba ta ajiye ba sai ga Alhaji tare da Rayyis Salim, Balaraben Jidda da zai tuƙa jirgin, gajere mai murya kamar ana kiran wani daga hayi. Na kawo tutar na warware a zaure. Rayyis ya sunkuya ya karanta.

"Asabe. Tayyib, alhamdu lillahi! Wata biyu ina tambayar mutumin nan sunan jirginsa, sai ya hau ba ni labarin farashin dawa."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban jajayen baƙaƙen, sannan ya ce a hankali, "Ba shi ba ne. Wanga na ranar haihuwa ne. Na yanka nika nufi."

Na hau lissafi a raina. Kwana huɗu, jan ƙyalle ya ƙare, mota gobe, ƙarshen wata saura kwana tara.

"To faɗi na yankan, ya shaikh!" Rayyis ya ɗaga hannu sama. "Mutumin da ya tako daga ƙasarsu zuwa nan da ƙafa, bai ji tsoron kura ba, bai ji tsoron teku ba, sunan 'yarsa yake tsoro? Gaban magatakarda ma bango za ka kalla?"

Hajiya ba ta ko dube ni ba. Ta sa aka shimfiɗa musu darduma, ta sa aka kawo shayi, ta zauna daga bakin ƙofa tana jan carbi. Sai da suka kurɓa sannan ta yi magana, kamar hira take yi.

"Alhaji, wadda ake maganar, cikin iyayen muminai take da mai suna, ko cikin 'ya'yan gidan Manzo?"

"Cikin iyaye."

"Ta farkonsu?"

Ya sunkuyar da kai. Hajiya ta juya wurin Rayyis ta faɗa masa sunan da Larabci, Hadiza ke nan a bakinmu. Tambaya biyu kacal, ba ta sa tsoho ya buɗe baki ba. Abin da ya gagari Rayyis wata biyu.

Rayyis ya tafa hannu, ya ce suna mai albarka, khalas, shi ke nan, a sake tuta. Alhaji kuwa da ya ga an sauke masa nauyin, sai bakinsa ya saki. Ya ce sunan mahaifiyarsa ne ya mayar wa yarinyar. Ya ce da suka taso daga gida tana 'yar shekara sha biyu, uwarta ta rasu a hanya, shi kuma ciwon ido ya kwantar da shi a Sudan shekara biyu, ita ta riƙa suya a bakin hanya tana ciyar da shi har suka ƙetaro. "Ban taɓa ce mata na gode ba. Ba a cewa. Shi ne na ce bari teku ta san sunanta."

Ina durƙushe bayan Hajiya, sai wani abu ya faɗo mini. Na yi ta juya shi, ina tsoron kada a ce ina neman kare aikina ne. Na dai matsa na raɗa mata. Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun dawowarta.

"Faɗa da ƙarfi, Hauwa. Ke kika ji, ba ni ba."

Na ce, "Baba, da muka ƙetaro, kwana shida muka yi a ruwa, iska ta ɗauke. Jirgin Mabruka sunansa. Na ji matuƙan suna dukan katakonsa da ƙafa suna kiran sunan, suna haɗawa da jaka, da tsohuwa, da waɗansu da ba zan iya maimaitawa ba."

Hajiya ta ce, "Ya Rayyis, gaskiya ne?"

Rayyis ya fashe da dariya har shayi ya zube masa a riga. "Wallahi kaɗan ta ji! Jirgi in ya yi yoyo a zage shi, in ya yi nawa a zage shi, in ya tsufa a ce wance ta ruɓe, a fasa ta a yi itacen girki. Ƙauna ce, ya Hajja, haka muke yi da su." Yana cikin dariyar ya lura shi kaɗai ke yi, sai ya daina.

Alhaji ya ajiye finjalin shayinsa. Hajiya ta ci gaba da jan carbinta. Ya jawo gefen tutar ya ɗora a gwiwarsa, yana bin baƙaƙen da yatsa.

"Sunan tsohuwata, a bakin 'yan jirgi," ya ce. Can kuma ya ce, "Wanga da aka rubuta, shi nika kiranta da shi tun tana rarrafe. Shi za ni iya faɗi gaban kowa. A bar shi."

"Yarana za su karkatar da shi, ba su iya faɗinsa ba," in ji Rayyis.

"Su karkatar. Ya saba shan rana da hayaƙi, shi aka bai wa kasuwa. Wancan na cikin gida ne."

Da suka fita na ɗauka Hajiya za ta yabe ni. Sai ta ɗauki tutar ta ja bakinta da hannu biyu, zaren ya yi ƙara.

"Sa'a kika yi, 'yar nan, ba daidai kika yi ba. Da ya ce a sake, da me za ki sake? Kin ji kunyarsa, madalla, amma kunya ba ta hana tambaya, hanyar tambayar take sauyawa. Sannan wannan kalmasar ta tanti ce. Iskar teku za ta cinye ta kafin Sawakin. Warware, ki ninka biyu, ki shafa wa zaren kaki."

Ta kwance yarinyar daga bayana da hannunta, ta goya ta, ta zauna kusa da ni tana riƙe mini ɗaya gefen. Da safe kafin motar ta tashi tutar na naɗe a hannun Rayyis.

Ranar ƙarshen Safar ta kira sunaye huɗu. Nawa ne na huɗu. Ba ta ƙara komai a kai ba, sai cewa daga yau in an yi sallama a zaure ni zan fita, ita kuma za ta zauna daga ciki tana saurare. Shekara biyu tana sauraren kafin ta daina.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne mutanenmu ba sa kawo wa maɗinki dukan maganarsu. Rabi suke faɗa, rabi su bari a bango, kuma yawanci rabin da suka bari shi ne ya kawo su. Hajiya ta iya ciro shi ba tare da ta kunyata kowa ba, ta iya yi wa yarinya faɗa ba tare da ta karya ta ba. Yanzu idonta ya yi rauni, ba ta fitowa zaure. Ina roƙonku, ku sababbi, in dattijo ya kawo aiki ya kau da kai, kada ku sa almakashi a ƙyalle. Ku ba shi wurin zama, ku shiga ciki ku gaishe ta, ku tambaye ta yadda ake tambaya, tun tana nan.