Manhajar da Na Ɗaure wa Guzuri

A shekarar da soja suka miƙa mulki, ni ne shugaban ɗan sashen kwamfuta na wata ma'aikata a Katsina. Mun rubuta manhaja mai nuna taswirar rijiyoyin burtsatse na birni, wadda ke aiki da wadda ta lalace. Sabon kwamishina ya sanar da ni cewa za a gwada ta a gaban zaɓaɓɓun kansiloli. Idan ta gaza, za a rushe sashen, a ba wani kamfani na Legas aikin.

Manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai. Tana jingina da wasu ƙananan manhajoji da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda muke kira laburare: ɗaya ta zana hoto, ɗaya ta yi magana da firinta, wata ta fitar da sauti. A lokacin haɗa ta, akan zaɓa: ko a ɗinke kowace a cikinta, ko a bar ta ta nema a kwamfutar da ta sauka. Tsarin da muka tarar shi ne na biyu, kuma idan ba ta samu ba, sai ta wuce shiru.

Na kai ta gwaji wani ofishi kusa da Ƙofar Durbi. Ta buɗe lafiya, sunayen unguwanni suka fito, amma gurbin taswira fari fat. Laburaren zane tana kwamfutata ne kawai.

Mahaifina falke ne, kuma ban taɓa ganin ya fita da tsammanin masauki zai ciyar da shi ba. Saboda haka na sake haɗa manhajar, na ɗinke mata kome. Ta yi nauyi har fayafayan kwamfuta da na kwafe ta a kai suka cika kwali.

Mataimakina ya leƙa ya ce, "Malam, wannan Makka za ta a ƙasa?"

Na ce, "Ko Makka za ta, ba za ta roƙi kowa ruwa ba."

Duk da haka ya yi gaskiya, domin tsofaffin injinan ofisoshi ba za su ɗauka ba. Muka zauna muka tace. Na cire laburaren sauti, na cire ta sadarwa tunda layin tarho ba ya zuwa ko'ina, na bar ta zane da ta firinta.

Ranar gwaji a gaban kwamishina da kansiloli, ina shirin kunna kwamfutata, sai kansilan Ƙofar 'Yandaka, wani Alhaji mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, ya ɗaga hannu.

"A'a, Malam. Ni ba ni awo da kwanon mai kaya. Ga tamu can a lungu, a sa mata."

Aka yi dariya. A zamanin soja babu mai yi mini wannan tambaya, amma na ji daɗinta. Aka yaye ƙyallen da ke kan tsohuwar kwamfutarsu, na shiga zura fayafai ɗaya bayan ɗaya, tana gurnani. Can taswirar birni ta fito, da ganuwa da ƙofofinta.

Alhajin ya matso, ya dangwala yatsa a kan wani jan ɗigo, alamar rijiyar da ta lalace.

"Wallahi ita ce, ta bayan masallacinmu! Tun bara ba ta ruwa. Ranka ya daɗe, ka gani da idonka."

Kwamishina ya ce a buga masa a takarda, firinta kuwa ta buga. Daga nan ya tambaye ni ko kwali nawa zan iya haɗawa domin sauran ƙananan hukumomi. A wannan sashen na ci gaba da aiki har na yi ritaya.