Lauyan da Ya Nemi Fatar Rago

Jiya aka yi suna a maƙwabta, ƙaurin babbakar kai ya tuna mini da Baba lauya. Shi kansa ya yi shekara huɗu a gidan yari kan sharrin da aka ƙulla masa, can ya koyi ɗinkin hula. Kana magana yana ɗinki, ba ya ɗaga kai, amma ko tari ka yi ya ji.

Shekara biyu da ba mu jiha, aka kama ɗana Sale a Bungudu, wai ya kashe wani falke, don an ga jini a rigarsa. Rataya ake ambato. Na tafi Gusau wurin Baba.

Na ce, "Jinin ragon sunan 'yarsa ne. Shi ya feɗe, ina tsaye a kansa kada ya huda fatar."

"Ya huda?"

"Wuri biyu. Sale bai taɓa iya wuƙa ba."

Baba ya ajiye allura, ya yi dariya har da hawaye. "Uwar Sale, wa ya ɗauki fatar?"

"Ungozoma mana."

Ranar shari'a ungozoma ta shimfiɗa buzunta gaban alƙali, ta zura yatsa a hujin, tana faɗan yadda Sale ya ɓata mata rabo yana ta fama da fiɗa tun hantsi har azahar, daidai lokacin da aka yi kisan a hanyar Tsafe. Aka sallami Sale. Na hana mata guɗa a kotu, muna fitowa ni na fara.

Baba, Allah Ya wanke ka ranar hisabi kamar yadda ka wanke mini ɗa.