Rijiyar Zartsi a Lambun Dogo

Dogo mai lambu mutum ne marar surutu. Da ya idar da sallar asuba sai ya rataya guga ya nufi lambun da mahaifinsa ya bar masa, Allah jiƙan rai. Tumatir, albasa, ga bishiyar lemo a tsakiya. Da lambun nan ya ciyar da 'ya'yansa har suka yi wayo.

To, shekarar da tsohuwar rijiya ta ƙafe, sai ya haƙa wata a gangare. Ruwa ya fito, amma zartsi ne. Matarsa ta kurɓa ta tofar.

"Malam, ko akuyata ta ƙi shan wannan."

"Akuyarki ai gimbiya ce," in ji shi. "Shuka ba ta da harshe."

Ashe tana da shi. Bakin ganye ya fara ƙonewa kamar an haska masa ashana. Dogo ya ce ƙishirwa ce. Ya riƙa ba su ruwa kaɗan-kaɗan, safe da yamma, yadda ake lallaɓa marar lafiya. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Da abin ya ƙi, ya ce yunwa ce, ya zuba takin zamani, shi ma ya ƙara wa ƙasar nauyi. Wani farin ɓawo na gishiri ya rufe fangulan shukar.

Ƙanin matarsa ya leƙo ta kan shinge.

"Yaya, ka daina tumatir ka koma noman gishiri? A auno min na miya."

Dogo bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar da yatsa ya ɗora a harshe. Ya daɗe a tsugune.

Albasa ta tafi. Tumatir ya bi ta. Lemo ne ya jure, sannan shi ma ya zubar da ganye. Matarsa ta ce, "Malam, ka ce wani abu mana."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Shi ke nan.

Har yau bai fasa fita da asuba ba. Yakan jefa guga, ya jawo shi a cike, ya tsaya yana kallon farin filin. Can sai ya juye ruwan cikin rijiyar, ya naɗe igiyarsa, ya koma gida.