Icen Kan Alhaji Habib

Ba'ana mai wankin hula maƙwabcina ne a Gwange, shagona na ɗinki yana jingine da rumfarsa. Shekarar da aka hana hawa babur a Maiduguri kowa ya koka, shi kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa. Tsohon baƙin kekensa, wanda da ake yi wa dariya, ya zama abin sha'awa. Duk safiyar Juma'a yakan jera huluna a kwando, ya rufe da farin ƙyalle, ya bi shago-shago yana kai wa masu su. Ni da ƙafa ce motata, har gori yake yi mini.

Cikin masu ba shi wanki babu kamar Alhaji Habib, mai sayar da yadi a Kasuwar Kwastam. Shekara goma sha bakwai yana wanke masa hulunan zanna. Ya jiƙa, ya bi zaren da buroshi, ya sa sitaci, ya kifa a kan wani ice da aka sassaƙa daidai kan Alhaji, in ta bushe ya buge ta har ta yi sheƙi. In an yaba hular Alhaji a masallaci, Ba'ana ji yake shi aka yaba.

Sai ga Mikail, wani mai wankin hula a bakin layinmu, ya dawo daga Kano da keke mai batir. Ba ya taka feda, ba ƙara, sai dai ka ga mutum ya wuce kamar ana jansa da igiya. Sojojin da ke shinge sun ɗan yi gardama ko babur ne ko keke, da suka ga feda suka ƙyale shi.

Ba a yi wata biyu ba Alhaji Habib ya koma ba Mikail wanki.

Ƙyashi ya kama Ba'ana har ya rame. Kullum cewa yake, "Wannan ba keke ba ne, lalaci ne aka sa wa taya. Shi ya ƙwace mini Alhaji." Amma na sha kama shi yana bin keken da kallo har ya sha kwana. Da na ce masa hassada ga mai rabo taki ce, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Lokacin da masu tayar da ƙayar baya suka kayar da turakun lantarki, garin ya rasa wuta, mutum ɗaya na sani da ya yi murna, kuma ina jin kunyar faɗa. Mikail ya koma kai batirinsa wurin masu cajin waya da janareta, ba kullum yake cika ba.

Wata Juma'a da hantsi na fita sayen zare, na tarar da Mikail yana tura keken, gumi sharkaf. Batir ya mutu, sarƙar kuma ta yi tsatsa don bai taɓa taka feda ba. Sai ga Ba'ana ya ci birki a gabanmu, fuska fal annuri.

Mikail ya ce, "Baba, ka taimaka. Sha biyu Alhaji Habib yake rufe shago, ga hularsa a hannuna."

"Kawo, ɗana. Keke ai sai mai ƙafa."

Na san lissafinsa: ya kai hular da kansa, Alhaji ya gane wa ya fi. Amma da ya karɓa sai ya yaye ƙyallen da aka rufe ta da shi, irin na mai sana'a, yana neman aibu. Ya matso da ita kusa da ido, ya nisantar, ya juya cikinta wajen rana. Ya daɗe. Sannan ya ja ni gefe.

"Malam, duba mini bakin goshin nan. Akwai layin gumi?"

"Babu. Fes take."

"Nawa wankin fa?"

Ban so faɗa ba, amma ya tsare ni da idanun nan da suka fara fari. Na ce, "Naka yana fitowa da layin. Shekara biyu ke nan ina gani."

Ya kai hular, ya dawo, bai ma tsaya sun gaisa sosai da Alhaji ba.

Bayan la'asar na ga ya sauko da icen kan Alhaji daga kanta, ya goge shi da hannun riga. Ya bar keken a jingine, ya taka da ƙafa har rumfar Mikail. Ina jin sa yana cewa, "Hular ta ɗan yi faɗi a ƙeya. A kan wannan ake kifa ta."

Har yau in Mikail ya wuce Ba'ana yakan yi tsaki. Sai dai ya daina kallon keken, kwandon hulunan yake bi da ido.