Rigar Ulu a Tsakiyar Bazara

'Yata ta fari a tsakiyar bazara na haife ta, lokacin da ko kajin Wudil baki buɗe suke yawo. Aka kai ni gidanmu wankan jego, na tarar Inna, mahaifiyata, ta daɗe da gama shiri. Tun cikina bai fito ba take saƙa da zaren ulu: riga mai dogon hannu, wando, hula, safar ƙafa, har da ta hannu. Ga shawul a sama. In ta gama shirya jaririyar, hanci kaɗai ake gani, shi ma don ba yadda za a yi da shi ne.

Ana gama suna sai ƙuraje suka feso mata, ƙanana jajaye, a wuya da ƙirji da gadon baya. Ba zazzaɓi, nono kuwa tana sha kamar an aiko ta. Sai dai kuka da mutsu-mutsu, ba ta barci, ni ma ba na yi.

Ƙurajen zafi ne, kowa a gidan ya sani. Maganinsu a cire rigar, wannan ma kowa ya sani. Amma ba mai iya faɗa wa Inna, kuma da dalili. Kafin ni ta haifi ɗa namiji, sanyi ya kama shi a ƙirji, bai yi arba'in ba ya koma. Ba ta taɓa ba ni labarin ba, a bakin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, na ji. Ni kuma ga kunyar 'yar fari: a gaban manya ko kallon kirki ba a so in yi mata, balle in tsoma baki a suturarta. Haka nake zaune ina shan kunun kanwa, gumi na zuba, raina na ɓaci.

Sai aka shiga magani ta kowace hanya ban da waccan. Gwaggo ta zo daga Lajawa da man kaɗanya a gwangwanin madara. Maƙwabciyarmu ta ce a tafasa ganyen darbejiya a yi mata wanka da ruwan. Mijina ya kawo hoda daga kyamis. Inna ba ta ƙi ko ɗaya ba. Ta yi wankan, ta shafa man, ta barbaɗa hodar, sannan ta mayar da riga ta ɓalla maɓalli har wuya. Kafin azahar mai da hoda da gumi sun haɗu sun zama ƙullu, wuyan yarinya kamar za a soya ƙosai.

Mijina ne ya gwada sa'arsa. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, har akuyoyi ya tambaya, sannan kansa a ƙasa ya ce, "Inna, anya ba zafi ne ya yi mata yawa ba kuwa?"

Inna ta ce, "Zafi bai taɓa ɗauke mini ɗa ba."

Ya ce haka ne, Allah ya ƙara girma, ya nemi takalmansa.

Wata rana da la'asar an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Tausayinta ya kama ni, na ji in na ƙara yin shiru ni ma kukan zan yi. Na ce, "Inna, don Allah ki dubi wuyanta."

"Au, yau kuma? 'Ya'yan zamani, ba kunya ba tsoron ido."

Amma ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta fara ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta zare riga da wando da hula da safa, ta ninke su ta tura ƙarƙashin matashi. Ta sirka ruwa ta wanke ƙullun nan tas, ba mai ba hoda, ta shimfiɗa tsohon zani a tabarma ƙarƙashin rumfa ta kwantar da ita daga ita sai nafkin. Nan take yarinya ta yi barci. Inna ta zauna a gefe, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin jaririyar, ta rufe shi ruf.

Haka aka ci gaba. Da hannu ɗaya take cin tuwo, da hannu ɗaya take jan carbi. In za ta yi salla sai ta kira ni ta ce in sa nawa a wurin, kada in ɗaga har ta sallame.

Cikin 'yan kwanaki ƙurajen suka bushe, wuya da baya suka yi sumul. Saura wuri ɗaya a ƙirji, jajir, daidai faɗin tafin hannun Inna. Da Gwaggo ta dawo ta ce ai man kaɗanyarta ne ya yi aiki, ƙirjin ne kawai bai samu isasshe ba. Na ce haka ne, Gwaggo.

Na bar Inna da hannunta a wurin, kuma ba don kunya ba. Ranar da muka yi arba'in da safe Inna ta ɗauke hannunta, ta miƙo mini yarinyar, ta ce, "Ungo 'yarki. Ki bar ƙirjin ya sha iska."